Hoton inuwa na Turawan da: wai meye abin kallo a baƙar takardar da ba ido ba kunne?

A shekarar 2023 gidan adana hotunan mutane na Smithsonian da ke Washinton ya ɗora wani tsohon kundi a intanet. Kundin na wani William Bache ne, haifaffen Ingila da ya koma Amurka yana yawo gari-gari, har New Orleans da Kyuba, yana yanka hoton mutane da almakashi a farkon shekarun 1800. Hotuna kusan 1,800 ne manne a ciki, har da na George Washington da matarsa Martha da Thomas Jefferson, sauran kuwa yawanci mutanen gari ne kawai. Wani babban dalilin ɗora shi ma shi ne an gano shafukan duk gubar asenik ce a jikinsu, ba za a iya miƙa wa kowa ya riƙa buɗawa da hannu ba.

Toh wanda ya shiga ya duba abin da zai tarar kawuna ne baƙaƙe ƙirin a jere, kowa ya juya gefe, ba ido ba kunne ba launin fata, dan haka ba laifi in mutum ya ce wai meye abin kallo a nan, kuma me ya sa gidajen tarihi ke lallaɓa su kamar ƙwai. Amsar tana kan layi ɗaya tak, wanda ya raba baƙi da fari, amma kafin a iya karanta layin sai an san yanda aka yi shi.

Sunan ma da zolaya ya fara

Hoton inuwa shi ne siffar mutum ta gefe da aka cike cikinta da launi ɗaya, galibi baƙi, aka ɗora kan fari. A kula fa, wannan daban yake da abin da malamai ke kira hoto mai inuwa a karatun fiƙihu, can mutum-mutumi ake nufi, abu mai jiki da zai iya yin inuwa, nan kuwa takarda ce shimfiɗaɗɗiya.

Turawa yanzu suna ce masa silwet, kuma sunan mutum ne. Étienne de Silhouette ministan kuɗi ne na Sarki Louis na 15 a Faransa a 1759, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai baitulmali ya yi ƙaraf, sai ya lafta wa masu hali haraji ya nemi a tsuke bakin aljihun fada. Wata takwas kacal ya yi aka yi waje da shi. Mutanen Faris suka maida sunansa abin ba'a, duk wani abu na arha sai a liƙa masa, har wando mara aljihu, wai tunda ba kuɗin da za a zuba. Hoton baƙar takarda kuwa shi ne mafi arha a hotuna, sai sunan ya bi shi. Akwai wata ruwayar da ke cewa shi ministan da kansa yana yanka irin hotunan a gidansa dan nishaɗi, amma ta zolayar ta fi yawo. A Ingila a lokacin ba ma wannan sunan suke kira ba, inuwa kawai suke cewa ko furofayil, kuma eh, kalmar nan ce dai da muke cewa furofayil a Facebook da WhatsApp, asalinta gefen fuska take nufi.

Sana'ar ta girmi ministan nesa ba kusa ba, a labari dai. Pliny, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79, ya kawo labarin ɗiyar wani maginin tukwane a Korinti ta ƙasar Girka, saurayinta zai yi tafiya sai ta bi inuwar fuskarsa da fitila ta jefa a bango ta zana. Turawan ƙarni na 18 sun so labarin nan sosai dan ya ba sana'ar asali.

Me ya sa sai ta gefe

In ka sa mutum ya fuskanci fitila ka kalli inuwarsa ta gaba, ƙwarya za ka gani da kunnuwa biyu, ta kowa kusan iri ɗaya. Juya shi gefe sai goshi da hanci da leɓe da haɓa duk su fito bakin layi. Kuma gefen fuska ƙashi ne ke riƙe da shi, fushi ko dariya ba sa canza shi sosai, tun zamanin Rumawa ma kan sarki a jikin kwabo galibi ta gefe ake buga shi. Dattawan da suka riski sulen da ake kashewa a Najeriya kafin naira ta zo a 1973 za su tuna kan Sarauniyar Ingila a jiki, ita ma gefe ta juya.

Yanda ake yin sa

Hanyoyin uku ne, kuma sanin su shi ne rabin iya kallon.

Akwai wanda ake yanka baƙar takarda a manna kan fara. Akwai na rami, wato farar takarda ake huda tsakiyarta a cire siffar kan, sai a sa baƙin ƙyalle ko baƙar takarda a baya, abin da kake gani baƙi a zahiri rami ne, wannan ya fi yawa a Amurka. Sai na fenti, wanda ba almakashi a ciki sam, ana zana shi ne da buroshi kan kwali ko gilashi ko hauren giwa ko farar filasta.

A na fenti John Miers ne ake fara ambata, mutumin Leeds da ya buɗe shago a titin Strand a Landan, ya mutu a 1821. Zaman minti kaɗan yake buƙata, a zana inuwar kanka da girmanta, a rage ta da wasu sanduna haɗe da juna masu maimaita zane a ƙarami, sannan ya zana kan filasta da baƙin hayaƙi da aka dama da giya. Fuskar yakan yi ta baƙa wuluk, amma da ya zo kan gashi da leshin wuya sai ya tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, gashin ya fito shara-shara kamar hayaƙi har kana hango farin filastar ta cikinsa. Mawaƙin Sikotland Robert Burns ya zauna masa a 1787. Wata Isabella Beetham kuma a Landan ɗin, a bayan gilashi take nata zanen, ta yi suna wajen fito da kitso da hulunan mata dalla-dalla.

Yanda ake karanta layin

A fara daga sama a gangaro a hankali kamar yanda almakashin ya bi. Goshi, ya miƙe ne ko ya kwanta baya. Sai ɗan kwarin nan da ke tsakanin goshi da hanci, sai karan hanci, sai tsininsa, sai leɓen sama da ɗan tsagin da ke nuna rabuwar baki, sai haɓa, sai ƙasan haɓa zuwa maƙogwaro. Kan gaba ɗaya sau da yawa bai kai tafin hannu ba, dan haka kuskuren da bai wuce kaurin farce ba a tsinin hanci ya isa ya maida mutum wani daban, kuma takarda in an yanke an yanke, ba a mayarwa.

Shekaru ma a layin suke. Yaro goshinsa a turo yake, hanci ɗan ƙarami a ɗage, haɓa ba ta gama fitowa ba, wuya siriri. Tsohon da haƙora suka zube bakinsa kan shige ciki, hanci da haɓa su matso kamar za su gaisa. Mai ƙiba kuwa layin ƙasan haɓarsa ba ya yin kwana, gangarowa yake kai tsaye ya haɗe da wuya. Ƙwararru sukan bar wani ɗan tsini mitsitsi daidai wajen ido, gashin ido kenan, kuma abin mamaki shi kaɗai ke sa ka ji kamar mutumin yana kallon wani abu, cire shi sai kan ya koma kamar dutse.

Sai ingancin jan layin kansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai rubutun allo ya san bambancin harafin da aka ja da alƙalami sau ɗaya da wanda aka yi ta komawa ana gyarawa, ko ba ka iya karatun ba ido zai gaya maka. Haka yake a nan. Gwani ba ya yawo da almakashi, hannun almakashin kusan a tsaye yake, takardar ce ɗaya hannun ke juyawa tana shiga bakinsa, shi ya sa lanƙwasar ƙeya ko ta kafaɗa ke fitowa sumul a tafiya ɗaya. Na ɗan koyo za ka ga ƴan gargada a gefen, duk inda ya tsaya ya sake kama takarda ya bar alama.

A hotunan da aka yi mutum tun daga kai har ƙafa, farin ma abin kallo ne. Ɗan sararin da ke tsakanin hannu da ƙugu, ko tsakanin ƙafafun kujera, ko tsakanin hula da yatsun da ke riƙe da ita, su ke hana hoton zama dunƙulen baƙi, kuma su ke nuna tsayuwar mutum, ko ya dogara kan ƙafa ɗaya ne ko ya ranƙwafa ko ya banƙaro ƙirji. Mun san wannan a rayuwa ai, da magariba kana hango mutum daga nesa ba ka ga fuskarsa ba amma ka ce wane ne, daga tsayuwarsa kawai.

Tufafi kuma su ke ba da shekara. Kamar yanda inuwa kaɗai za ta raba maka zanna bukar da haɓar kada, ko rawani mai kunne biyu da na malami, haka masana ke duba na Turawa. Namiji mai gashi ɗaure da ƙyalle a ƙeya yawanci kafin ƙarshen shekarun 1790 ne, dan a 1795 gwamnatin Ingila ta sa haraji kan hodar gashi, yayin ya fara mutuwa maza suka koma gajeren aski. Mace mai ƙatuwar hula da tulin gashi shekarun 1780 kenan, mai rigar da ɗamararta ke can ƙarƙashin ƙirji farkon 1800, mai hannun riga kumbura-kumbura kamar an hura shekarun 1830.

Wani wurin da baƙo ba ya kula da shi shi ne ƙasan hoton, inda aka datse ƙirji. Kowane mai sana'a da irin lanƙwasar da yake rufewa da ita, wani ya yi ta kamar baka wani ya yi mata ƙugiya, har ta zama kamar sa hannu, kuma da ita masu tara kayan tarihi ke gane aikin wane ne in takardar shagon da ke bayan firam ta ɓace.

Na'ura ko hannu

Nan ne masu sana'ar kansu suka rabu. A Faransa Gilles-Louis Chrétien ya ƙera na'urar bin gefen fuska a shekarun 1780, a Amurka kuma John Isaac Hawkins ya ƙera tasa aka girke ta a gidan tarihin Charles Willson Peale a Filadelfiya a 1802. Mutum zai zauna ya jingina kunci, a bi gefen fuskarsa da ɗan ƙarfe, can sama wani tsinke yana maimaita layin a ƙarami kan takardar da aka ninka gida huɗu, in an yanka sai a samu kwafi huɗu lokaci ɗaya. A shekarar farko kawai mutum sama da 8,000 aka yi wa. Hujjar masu na'ura ita ce ba ta san mai kuɗi ba ba ta san kyakkyawa ba, abin da ke fuskarka shi za ta fitar, saɓanin mai fenti da zai rage maka hanci dan ka ji daɗi ka biya.

Augustin Edouart bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Bafaranshe ne da ya koma Ingila a 1814, kuma yanda shi ya ba da labari, a 1825 a garin Cheltenham aka nuna masa hotunan na'ura a wani gida ya kushe su, aka ce to yi naka mu gani, ya ɗauki almakashi da bangon wata wasiƙa ya yanka maigidan, ya shafa baƙin lagwanin kyandir, kowa ya ce shi ne. Daga nan ya kama sana'a, da ido kawai yake yanka mutum sukutum a ƴan mintuna, sule 5 hoton tsaye. A ganinsa na'ura tana bin fata ne amma ba ta ganin mutum, ba ta san yanda yake riƙe kansa ko sandarsa ba. Shi ne ma ya yayata kalmar silwet a Ingila dan ya tsani a riƙa ce masa mai baƙar inuwa. Ya kuma ƙi jinin adon ruwan zinariya da wasu ke shafawa kan baƙin dan fito da gashi da ninkin riga, irin wanda John Field abokin aikin Miers ya shahara da shi. Masu son adon suna cewa yana ƙara bayani da kyau, su Edouart suna cewa wanda layinsa ya isa ba ya buƙatar ƙari.

In aka duba da kyau rabuwar ba ta kai yanda ake faɗa ba, kuma shaidar tana wajen mutumin da ke aiki da na'urar Peale ɗin. Moses Williams sunansa, a gidan Peale ya tashi yana bawa, aka koya masa yankan hoto yayin da ƴaƴan gidan ake koya musu fenti, aka ƴanta shi a 1802 ya ci gaba da aikin yana karɓar santi 8 kan kowane mutum har ya sayi gidansa. Na'urar alama kawai take bari a takarda, Williams ne ke yanka, kuma masu bincike sun lura almakashinsa ba koyaushe yake bin alamar sak ba, yakan gyara tozon gashi da ɗaurin wuya da gashin ido. Wato ko a hoton na'ura akwai hannu da ido. Sai dai hatimin da ke jikin dubban hotunan na gidan tarihin ne, sunansa ba ya ciki.

Labarin zuciya a tambayi fuska?

Abin da ya ƙara hura wutar yayin a Turai wani fasto ne ɗan Zurich, Johann Caspar Lavater, wanda tsakanin 1775 da 1778 ya fitar da littattafai huɗu yana cewa ana iya karanta halin mutum daga ƙirar fuskarsa, kuma hoton inuwa ne ya fi dacewa da wannan karatu tunda ba murmushi ba kwalliya. Har kujera ta musamman aka yi mai gilashi da takarda a gefe da kyandir, ya kuma raba gefen fuska gida tara kowanne da abin da wai yake nunawa. Goethe, shahararren marubucin Jamus, ya taya shi aikin da farko kafin ya ja jiki. Mutane suka shiga aika wa juna inuwarsu ana duba wa.

Tun a lokacin akwai masu ja. Georg Christoph Lichtenberg, malamin kimiyya a Göttingen, ya yi masa shaguɓe da zana inuwar wutsiyoyin aladu da karnuka yana fassara halinsu da irin yaren Lavater. Amma ra'ayin ya yi tasiri a rayuwar mutane, masanin halittu Charles Darwin ya faɗa da kansa cewa kyaftin ɗin jirgin ruwa na Beagle ya kusa ƙin ɗaukarsa a 1831 saboda siffar hancinsa, wai ba ta nuna juriya ba. Mafi muni shi ne awon kusurwar fuska da Petrus Camper ɗan Holan ya fito da shi, wanda na bayansa suka ɗauka suka jera jinsunan mutane da shi, Bature a sama baƙar fata a ƙasa. Kimiyyar yau ta yi watsi da duk wannan. Ita karin maganar tamu ma ai yanayin fuska take nufi, damuwa ko farin ciki, wanda shi ne ainihin abin da hoton inuwa ke gogewa. Layin yana iya gaya maka kama da shekaru da yayin tufafi da gwanintar mai yanka, hali kuwa mai kallo ne ke zuwa da shi.

Abin da ya taɓa talaka

Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan arahar ce ta sa fuskokin da ba mai zana su suka tsira. Hoton fenti sai mai fam-famai da lokacin zama kwana da kwanaki, wannan kuwa ƴan santi ne da ƴan mintuna, ga kwafi na ba uwa da budurwa kafin a tafi yaƙi ko a hau teku. Wata Martha Ann Honeywell da aka haifa ba hannaye ma da sana'ar ta ci abinci a Amurka, da baki take riƙe almakashi.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. A Stratford ta jihar Connecticut akwai inuwar wata baiwa mai suna Flora, girman kanta na gaske, an same ta tare da takardar cinikinta ta 1796 inda aka sayar da ita fam 25 tana shekara 19. Tsinin kitsonta duk sun fito a layin. Wasu masana na ganin an yi hoton ne dan shaida irin ta kaya, wasu na ganin na tunawa ne a gidan da ta zauna. An nuna shi a Washinton a 2018, yana cikin tsofaffin hotunan bayi ƙalilan da Amurka ke da su.

Bayan kyamara

A 1839 aka sanar da hoton kyamara irin wanda Louis Daguerre ya ƙirƙiro a Faris, shekarar da Edouart ya sauka Amurka kenan. Ya yi shekara 10 can yana yanka manya har da tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, kuma da yake takarda ninki biyu yake yankawa, kowane hoto yana ajiye kwafi a kundi da suna da kwanan wata. A Disambar 1849 jirgin Oneida da ya ɗauko shi ya tarwatse a gaɓar tsibirin Guernsey, shi ya tsira, kundayen kaɗan aka tsamo, bai sake komawa sana'ar ba har ya mutu a 1861. Zuwa lokacin hoton kyamara ya yi arha, masu almakashi suka koma bakin teku da wuraren wasa, inda har yau ake samun su, a Montmartre ta Faris da Disneyland misali.

Salon bai mutu ba dai. Kara Walker, baƙar fata ƴar Amurka, tun 1994 take manna manyan inuwoyi a bangon gidajen nuni tana nuna ta'asar zamanin bauta, kuma tunda kowa a bangon baƙi ne, mai kallo da kansa yake raba bawa da ubangida daga leɓe da hanci da gashi, sai ya kama kansa yana irin karatun Lavater. Wasu manyan masu zane baƙar fata irin su Betye Saar sun soke ta a 1997 cewa tana farfaɗo da siffofin cin mutunci ne, magoya bayanta suka ce tona su take yi. Ta ɓangaren kwamfuta ma tsohuwar gardamar ta dawo, a 2016 wasu masu bincike biyu a Shanghai suka ce manhajarsu na gane mai laifi daga hoton fuska, masana da dama suka yi musu ca, suna nuna cewa bambancin hotunan da aka ba ta, har da ɗan murmushi, shi ta koya. Wannan ya shafi duk wanda ake ɗaukar fuskarsa a banki ko filin jirgi, dan tantance ko kai ne abu ɗaya ne, yanke hukunci kan halinka daga fuskar kuma wani abu ne daban.

Shi kuwa kundin Bache, da yake ya sa wa hotunan lamba ya kuma rubuta sunayen da yawa daga cikinsu, masu binciken gidan tarihin sun bi jaridu da takardun lokacin sun gano ko su waye mutum sama da 1,000, kuma duk mai waya yanzu zai iya buɗe shafin ya ja hoton ya ƙara girma har ya ga inda almakashin ya juya a tsinin hanci.